Nomau da Manyan Tayoyin Yayansa

A Tungar Jatau, ƙauyen da fadama ta raba da bakin titi, akwai gidan wata tsohuwa mai ciwon ƙafa, Inna Delu, da 'ya'yanta maza biyu. Babban, Barau, shi ke da a-kori-kurar da ke kai mutane da kaya kasuwa. Ƙaramin, Nomau, ya haura talatin, ƙato ne mai ƙarfin bijimin sa, amma duk maganar da ka faɗa masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. Shi ke lodi, shi ke turi in mota ta kafe. Ladansa tuwo da zagi. Barau ba ya kiran sunansa, sai dai "kai, dolo".

Da damina ta kama, motar ta riƙa nutsewa a lakar fadama har ciki. Barau ya ƙudura sai ya sa mata manyan tayoyi masu haƙora, irin na motocin daji.

Wata rana Ilu bakanike ya aiko daga gari yana tambayar lambar rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa. Barau na tsakiyar cin tuwo ya ce, "Kai, dolo, je ka dubo mini rim ɗin motar nan, sha biyar ne ko sha shida." Nomau ya tafi ya daɗe. Da ya dawo, mai unguwa na biye da shi da dattawa uku. Ya ce, "Yaya, biyar kacal na gani, har da na safaya. Na leƙa ƙarƙashi, na duba rumbu, sauran goman babu su. Shi ne na kai ƙara, an yi mana sata." Dattawa suka yi dariya har ɗaya ya ƙware. Barau ya jira suka fita, ya kife wa ƙanensa kwanon miya a ka.

Wata rana, bayan an ɗora tayoyin, sai aka ji in Barau ya murɗa sitiyari wani abu na gurza, ƙurrr. Ilu ya zo ya tsuguna, ya shafa cikin bodin, ya ce, "Ai tayar nan cin bodi take yi. Ta yi girma, rim ɗinka kuma ya tura ta ciki." Nomau na tsaye yana ji. Washegari da safe aka tarar da kajin unguwa da awaki sun yi wa motar zobe. Ashe geron kunun Inna Delu ya kwaso, ya zuba wa kowace taya tiya guda a gabanta. Ya ce, "Babba ce, Yaya, ba ta ƙoshi. Gara ta ci gero da ta cinye mana mota." Barau ya zane shi da igiyar lodi. Geron kuwa ba a mayar wa tsohuwar ba, ta yi sati tana karya kumallo da ruwan zafi.

Ilu ya ba Barau hanya biyu. Ko ya sayi rim mai zurfin ciki, wanda zai turo tayar waje da kansa, shi ne aikin gaskiya. Ko kuma ya sa sifesa, wani faifan ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙafar mota kafin rim ya hau, ya ba taya tazara. Barau ya ji kuɗin rim, ya yi tsaki.

Wata rana da yamma yana zagaya motar yana ƙunƙuni, ya ce, "Ko ta halin ƙaƙa sai an fito da tayoyin nan waje." Nomau ya ce, "Yaushe, Yaya?" Ya ce, "Gobe-goben nan." Gobe kuwa ranar kasuwa ce. Barau ya dawo daga sallar asuba ya tarar da tayoyi huɗu jere a ƙofar gida, an wanke su fes. Motar na cikin gida a kan turame huɗu da Nomau ya aro daga maƙwabta. Suna kallo turmi ɗaya ya tsage, motar ta durƙusa. Manoma masu albasa suka kwashe buhunansu suna Allah ya isa. Matar da aka fasa wa turmi ta tsaya a zaure ta zagi Inna Delu, wai ita ta haifi annoba.

Wata rana Barau ya aike shi gari sayen sifesa. Ya san kalmar ba za ta zauna masa ba, sai ya ce, "Kamar faifai yake. Faifai huɗu, kowanne mai huda shida." Nomau ya je layin masu saƙa, ya zaɓi faifai huɗu masu kyan zane. Babu mai huda, sai ya ari basilla ya huda da kansa, shida-shida, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya kai garejin Ilu a duba masa. Ma'aikatan gareji suka kifa masa ɗaya a ka kamar malfa, suka yi masa hoto a waya. Nomau yana ta murmushi, a zatonsa ya burge.

Daga nan Barau ya ce ya gaji da gari da tsadarsa. A ƙauyen gaba akwai wani mai zubin tukwane, ya ce zai narka tsofaffin tukwanen alminiyam ya zubo masa sifesa mai kaurin yatsa uku a araha. Dogara, abokin hamayyar Barau a hanyar nan, shi ma ya ce a zubo masa. Da Ilu ya ji, ya tako har gida ya ce, "Barau, ka ji tsoron Allah. Wannan ba ƙarfen ɗaukar nauyi ba ne. Ga kauri, noti ko zagaye uku ba zai shiga ba." Barau ya ce, "Baƙin ciki kake yi don ba a wurinka na saya ba."

Wata rana, ranar kasuwa, aka gama ɗora sifesan a motar Barau. Mutum goma sha takwas na jira da kayansu, Inna Delu na zaune a gidan gaba na motar za a kai ta asibiti a duba ƙafar. Barau ya miƙa wa Nomau sifana ya ce, "Ɗaure notin nan. Kada ka sake ka daina sai ƙarfinka ya ƙare." Ya tafi shan fura. Nomau ya ja, noti ya tsaya, ƙarfinsa kuwa bai ƙare ba. Ya zura bututun ƙarfe a jikin sifanar ya hau kai. Sai ƙas! Sifesa ya dare biyu. Ya auna kansa, ya ji har yanzu da sauran ƙarfi, ya koma ɗaya ƙafar ta gaba. Ita ma ƙas!

Dukan da Barau ya yi masa ran nan da bututun nan ya yi shi, a gaban jama'a, babu wanda ya riƙe hannunsa. Inna Delu, da ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, ta leƙo ta taga tana cewa, "Kai wannan, ya isa, ya isa." Mutum biyar suka ruga suka cusa kansu a motar Dogara. Sauran suka zauna kan buhuna suna tsine wa Nomau.

Kafin azahar wani mai babur ya shigo ƙauyen a guje da labari. A gangaren da ke sauka fadama tayar gaba ta fice daga motar Dogara, motar ta wuntsila. Mutum biyu sun rasu, Dogara ya karye a cinya.

Bayan jana'iza Ilu ya biyo ta gidan, ya ɗauki ɓarin sifesan Barau ya duba. Cikinsa duk ramuka ne kamar gidan gara, ya murza gefensa da yatsa ya marmashe. Jama'a suka kewaye Barau suna cewa Allah ya ba shi basira, da ya sa aka gwada kafin a tashi. Barau ya gyara hula ya ce, "Ai direba sai da lura."

Nomau na zaune a jikin garu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, Inna Delu na gasa masa kafaɗa da tsumma. Ya saurara har aka gama yabon. Sannan ya laluba ƙasa ya ɗauki sifanar da hannun da bai kumbura ba.

Ya ce, "Yaya, saura na baya biyu. Har yanzu akwai ɗan sauran ƙarfi. In ƙarasa?"

Babu wanda ya yi dariya.