Tambarin da na zana wa Hamadu

Sati uku na yi ina zana tambarin nan. Hamadu, ɗan kawuna, ya buɗe shagon ɗinka kayan matasa a Garwa, ya ce tunda ni ne ɗan bokon gidanmu, in samo masa alama mai ma'ana kafin Sallah.

Ma'ana kuwa na zuba ta. Da'ira ita ce haɗin kai, layuka uku a ciki kogin Binuwai ne, launin shunayya kuma daraja. Har bayani na rubuta, shafi biyu. Ban nemi shawarar kowa ba, don a ganina babu mai gane zurfinsa. Ni na nace a buga shi a cinyar wando.

Ranar da kayan suka fito, Hamadu ya sa ɗaya, muka bi ta layin mahauta. Baba Sale, tsohon mahauci, ya ajiye wuƙa ya daɗe yana kallon wandon.

"Hamadu, yaushe aka yanka ka?"

Sai ya juyo mana cinyar saniyar da ke rataye a gabansa. Ga da'irata nan, shunayya: hatimin da likitan dabbobi ke buga wa naman da ya duba a mayanka. Ni jikan mahauta ne, amma ban taɓa leƙa mayanka ba.

Babu saurayin da ya yarda ya sa wandon. Sallah ta wuce wandunan suna jibge a shago. Hamadu ya ci gaba da ɗinkinsa kawai, da ma zagina ya yi.

Yau shekara biyu ke nan. In aka aike ni cefane, tun daga nesa ake ƙwala mini kira: "Dokta, zo ka duba mana wannan cinyar, masu saye suna jira!"