Ranar da Inna ta fitar da ni daga rami

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta shekarar 1996 ba. Lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Buza, ina neman auren Rahila, ƙanwar abokina Ayuba mai aiki a asibitin mishan. Inna, mahaifiyarsu, ba ta amince ba tukuna, don haka na je gidansu na nuna mata cewa 'yarta ta samu mai ilimi.

Na tarar Ayuba ya haɗa wa tele wata na'urar wasa da wani likita Bature ya bar masa. Ɗan mutum ne a ciki, kana danna maɓalli yana gudu. Na tambayi takardar bayani, aka ce babu. Nan na buɗe lacca: ba a koyon komai sai malami ya rubuta a allo an kwafa (ni da ko keke da bulala na koya). Sannan na karɓi abin dannawar.

Taku goma, ɗan mutumin ya faɗa wani ɗan rami. Bai mutu ba, bai kuma fita ba. Na tura shi dama, bango. Hagu, bango. Gumi ya jiƙa rigar da na sha wahalar gogewa. Daga ƙarshe na yanke hukunci da Faransanci cewa na'urar ta lalace.

Inna, wadda ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba, ta ajiye albasar da take yankawa.

"Mushe, miƙo mani abin ga," in ji ta, da laƙabin Faransanci da ake kiran mu malamai.

Ta daddanna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. A na uku ɗan mutumin ya yi tsalle ya fito. Gaba kaɗan ga rami mai faɗi, an rataya mangwaro a samansa daidai inda ya kamata a tashi. Ta tsallake. Na gaba har da ruwa, shi ma ta wuce.

"Mi ag ga wuya?" in ji ta. "Wanda ya gina wanga ya san jaki. Ƙaramar kwata aka hwara gwada mishi, kahin babba. Ramin hwarko don ka koyi tsalle na, ɗana, ba don ka zamna ciki ba."

Rahila ta shige ɗaki tana toshe baki. Na so ƙasa ta tsage.

Inna ta ba ni 'yarta dai bayan damina, wai mutumin da ya kasa fita daga wannan rami ba zai iya guduwa ya bar mata ɗiya ba. Tun daga ranar, in ban gane abu ba, nakan danna duk maɓallan kafin na buɗe baki.