Oga Tantance da Man Ranar Auta

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar hangen nesa, to a fara da Oga Tantance, a rufe da shi, sauran jama'a su jira a waje. Shi ne Shugaban Sashen Sayayya na ma'aikatarsu, kuma tun da ya hau kujerar nan ba a taɓa sayen ko tsintsiya da garaje ba. Sai an kafa kwamiti. Sai an kawo samfuri kala-kala. Sai an share ofishinsa da kowacce, yana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kallo, sannan ya zaro koren bironsa ya rubuta cewa a sake nazari. An taɓa cinye damina guda rufin ɗakin taro yana yoyo, saboda bai gama tantance bokitin da za a tara ba. Ma'aikata suka riƙa shiga taro da lema, shi kuwa ya ce wannan shi ake kira bin ƙa'ida.

Sunan ma daga bakinsa aka ciro shi. Ka ce masa yau ana zafi, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Sai an tantance.” Ga shi Allah ya yi masa kyan fata, baƙa wuluk, sumul, tana sheƙi kamar sabon takalmi, kuma ya san da haka. A aljihun teburinsa akwai madubi, yana gaisawa da shi fiye da yadda yake gaisawa da mataimakinsa.

A gida ma bai rage komai ba. Suna zaune a hawa na uku na wani dogon bene, shi da matarsa mai ɗinki, wadda kekenta ke kusurwar falo, da 'yarsu ta ƙarshe, Auta. Auta zabiya ce, fara sol, gashinta kamar zaren zinariya, ga surutu, ga ƙafa. Ƙafa kam ba a magana. In aka aike ta kanti, kafin ka tuna abin da ka manta ta dawo. Shi ya sa malamar wasanni ta sa ta cikin 'yan tseren makaranta, kuma tun ranar yarinyar ba ta sake taka matakalar bene ɗaya bayan ɗaya ba.

Matsalar ita ce rana. Fatar Auta ba ta wasa da rana, minti kaɗan a fili sai ta yi ja ta fara raɗaɗi. Dole sai da man kariya daga rana, wanda a gidan ake kira man rana kawai. To wanda take shafawa ya fito mata da ƙuraje a wuya, aka kai ta wurin likitar fata. Likita ta yi bayani a taƙaice: a bar mai turare, a nemi mai sinadarin zinki, mai lamba hamsin, a ɗan gwada a bayan kunne tukuna, a haɗa da hula mai faɗi. Kafin a samu kuwa, ban da fili. Maman Auta ta yafa mayafi za ta kantin magani, sai ta yi babban kuskuren rayuwarta. Ta faɗa wa mijinta inda za ta.

Oga Tantance ya ajiye kofin shayi a hankali. Ya miƙe. Ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin buɗe taro.

“Madam, zauna. Wato ni, da gwamnati da kanta ba ta sayen kujera sai na sa hannu, a cikin gidana za a sayo abin da za a shafa wa jinina, a kan maganar mutum ɗaya? Likita ta karanci fata, na yarda. Amma ta karanci sayayya? Kin san gubar da ke yawo a kasuwa cikin kwalabe masu kyau? Daga yau wannan batu ya dawo ofishina. Na kafa kwamiti. Ni ne shugaba, ke ce sakatariya, Auta 'yar kallo.”

Sakatariya ta cire mayafi ta koma kan keke, ta taka shi da ƙarfin da har labule ya motsa.

Washegari ya dira kantin magani da kwat da jaka da gilashin ƙara girman rubutu. Ya sa aka sauko masa da duk man ranar da ke kanta. Ya jera su a kan tebur, ya fara karanta sinadaran da ke jikin kwalaben da babbar murya, yana tuntuɓe a kan kowace kalma yana dora laifin a kan kamfanin. Wannan rubutunsa ya yi ƙanana, alamar suna ɓoye wani abu. Wannan rubutunsa ya yi manya, alamar suna neman rufe ido. Wannan an zana rana tana murmushi a jikinsa, to ta yaya mai kare mutum daga rana zai yi abota da ita? Layi ya taru a bayansa har bakin ƙofa. Wata tsohuwa mai neman maganin tari ta gaji ta zauna a kan sikelin awon nauyi. A ƙarshe ya kwaso guda shida, har da irin wanda likita ta ce, ya zuba a jaka ya datse da kwaɗo, don kada a yi wa kwamiti katsalandan.

Gwajin farko na hanci ne, ya wuce lafiya, in ban da atishawa. Na biyu shi ne na harshe. Hujjar Oga mai ƙarfi ce, kuma shi kaɗai ya taɓa jin ta: abin da ba zai iya zama a baki ba, ba shi da hurumin zama a fata. Ya lakato kowanne ya ɗanɗana a ofis, yana lumshe ido yana rubuta maki. Na huɗu ya kashe masa harshe. Aka kira shi gaban babban darakta ya yi bayanin sayen fanka, ya buɗe baki, abin da ya fito ko shi bai gane ba. Darakta ya ce bai taɓa jin Oga ya yi bayani mai ma'ana kamar na ranar ba, ya sa hannu nan take.

Ana cikin haka Auta tana zaune a barandar aji, hula a kai, baƙin tabarau a ido, tana kallon ƙawayenta suna atisaye. Ƙafafunta suna gudu a ƙasan benci ba tare da ita ba. Kullum ta dawo sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Baba, an gama?” Kullum sai ya shafa kanta ya ce kwamiti yana samun ci gaba mai gamsarwa. Malamar wasanni kuwa ta aiko da saƙo: in Auta ba ta fito atisayen ƙarshe ranar Juma'a ba, za a ba wata yarinya gurbinta.

Wannan saƙo ya zaburar da Oga, ya shiga babban gwaji, wanda har gobe mutanen benen suna ba da labarinsa. Da tsakar rana ya hau rufin bene, inda mata ke shanya. Ya shimfiɗa tabarma tsakanin zannuwan gado da wandunan maƙwabta, ya tuɓe riga da singileti, ya yi rub da ciki. Ya umarci sakatariya ta zana masa gida bakwai a gadon baya da koren biro, ta shafa mai ɗaya a kowane gida, ta bar na bakwai fanko domin kwatance. Ta zana. Ta shafa. Da ta zo kan mai zinkin, ta lakaci kaɗan a ɗan yatsa, ta sauka ƙasa ta goga wa Auta a bayan kunne kamar yadda likita ta ce, ta dawo ta tsaya a inuwar tankin ruwa.

Mata suka fara hawowa kwashe shanya, ba wadda ta sauka. Wadda ba ta yi wanki ba ma ta hawo da bokiti. Oga yana kwance yana tsiyayar gumi, kumatu a kan tabarma, amma bai fasa jawabi ba.

“Ku kalla da kyau, ku ba 'ya'yanku labari. Wannan shi ake kira sadaukarwa. Wani uban sai ya miƙa kuɗi a kanti ya juya. Ni kuwa bayana na miƙa. Kimiyya ba ta son gaggawa. Madam, gida na uku yana ɗan yi mini tsikari, rubuta.”

Ba man ba ne, tururuwa ce. Aka rubuta duk da haka.

Da rana ta karkata aka sauko da shi yana tangaɗi, aka haɗa madubi biyu domin ya duba sakamako da idonsa. Gida na ɗaya baƙi. Na biyu baƙi. Har zuwa na bakwai, wanda ba a shafa wa komai ba, baƙi wuluk, lafiya lau. Duk benen babu wanda bai san cewa ba a auna ƙunar fatar Auta a bayan ubanta ba, in ban da mai bayan. Ya daɗe yana nazari, sannan ya bayyana matsayar kwamiti: ranar yau ba ta kai ingancin da ake buƙata ba, sai an sake gwaji da wata.

Nan ne haƙurin sakatariya ya ƙare. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa gobe Juma'a, kuma kunnen yarinya ƙalau yake, ko ɗigon ƙurji babu. In ya ga dama ya buɗe jakar, in bai ga dama ba tana da almakashin da ke yanka fatar jaka. Oga ya dubi jakarsa, ya dubi almakashin. Ya sanar da cewa saboda buƙatar jama'a, kwamiti zai yi zaman ƙarshe da safe.

Gari ya waye. Auta ta shirya tun kafin kowa, rigar wasanni mai dogon hannu, takalmin gudu an ɗaure tamau, hula a hannu, tana tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa. Oga ya fito cikin kwat ɗinsa ta manyan taruka, ya zauna gaban madubin falo. Ya ce mai biyu ne suka kai zagayen ƙarshe. Ɗaya mai kwalba ruwan gwal, mai ƙamshi kamar shagon turare, wato dai irin wanda likita ta ce a bari. Ɗaya kuma mai zinkin, cikin farar roba marar kwalliya. Za a yi gwajin fuska, kuma fuskar da ta cancanta ɗaya ce a gidan.

Ya shafa na gwal a kumatun dama. Ya nutse nan da nan, fata ta ƙara sheƙi, Oga ya yi wa kansa murmushi, kansa ya mayar masa. Ya matso mai zinkin da yawa, don shi ba ya yin abu rabi da rabi, ya lafta a kumatun hagu, da goshi, da rabin hanci. Ya murza. Ya ƙara murzawa. Man ya zauna daram, fari fat, kamar an yi wa bango farar ƙasa. Ya zabura ya miƙe, kujera ta faɗi.

“Kun gani? Kun ga abin da na cece ku daga gare shi? Da an bi ta likita, da wannan za a kawo mini gida! An soke shi! Dubi fuskata, don Allah! Wane mai mutunci ne zai fita titi haka, fari fat, kowa yana juyowa yana kallonsa, yara suna nuna shi da yatsa? Wa zai iya wannan rayuwa?”

Keken ɗinki ya tsaya. Auta ta daina tsalle, ta ɗaga kai ta dubi ubanta, ta ɗan karkata shi gefe yadda take yi in tana son ganin abu sosai.

“Ni ai kullum haka nake fita, Baba.”

Mutumin da ya taɓa yin jawabin awa guda a kan bokiti ya laluba aljihu, ko me yake nema oho. Kunya ta kama shi tun daga wuyan kwat har tsakar kai, kuma wannan karon babu kwamitin da zai miƙa wa batun.

Maman Auta ta zare farar robar daga hannunsa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta shafe yarinyar tsaf, fuska, wuya, kunnuwa, bayan hannu, ta jefa robar a jakar makaranta domin a ƙara in an jima, ta ɗora mata hula. A ƙasa direban ofis ya fara danna hon. Oga ya ruga bakin famfo ya watsa ruwa, ya sake watsawa. Man mai kyau ne, gumi ma ba ya wanke shi da wuri, balle ruwan famfo.

Auta ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta gan shi tsaye, ruwa yana ɗiga a kan kwat, rabinsa baƙi rabinsa fari. Tausayinsa ya kama ta. Ta dawo ta ja shi ta hannun riga.

“Kada ka damu, Baba. In sun kalle ka, ka ɗaga musu hannu kawai. Za ka saba.”

Ta sake shi, ta sauka matakala da gudu.