Zawarcin Ticha

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar sunan da aka yi a gidan Alhaji Garba, can unguwar Magajiya, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina. Amma kafin mu isa wurin sunan, sai na gaya muku yadda aka yi harafin Z ya zama abokin hirata.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina, ta kuma rasa masu koyarwa. Aka kwaso mu daga kwalejin horon malamai aka watsa, ni aka jefo ni Suleja (a lokacin bakin mutane bai saba da sunan ba; tsofaffi Abuja suke cewa abinsu, in ka gyara musu su dube ka kamar kai ka sayar da tsohon sunan). Ni ɗan wani ƙauye ne a duwatsun Filato, Kirista, rainon makarantar mishan. Turanci kam sai dai in sam wa wani. Hausa ma ina ji, a ganina: Hausar kasuwa da ta waƙoƙin coci, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ranar farko a aji na dubi wata yarinya na ce, "Ladi, kai ba ka da fensir ne?" Yara suka kwanta bisa benci don dariya. Daga ranar na koma koyarwa da Turanci. Su ba su gane ba, ni ba a yi mini dariya ba, kowa ya huta.

Alhaji Garba, wani mai sayar da yadi, shi ya ba ni hayar shagon ƙofar gidansa. Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi dab da tagata, dattawan unguwa su taru ana hira ana ɓarkewa da dariya. In na fito na yi sallama sai su amsa da mutunci, su yi shiru da mutunci, har sai na wuce. Ba wanda ya taɓa kora ta. Ba kuma wanda ya taɓa gusawa ya ce ga wuri. Ran Asabar nakan hau keke in miƙi hanyar Lambata, ba don ina da kowa a can ba, sai don in dawo a gajiye in sami barci.

Mutum ɗaya ke yi mini magana da ta wuce gaisuwa: Gwaggo Asabe, yayar Alhaji, tsohuwar da ta girmi mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a gidan ƙanenta. Takan sa a ajiye mini tuwo a bakin ƙofa, can an jima in ji muryarta ta bayan katanga: "Ticha, ka ci ko ka zuba wa kaji?" In ce, "Na ci, Gwaggo." Ta ce, "Ƙarya kake, ga wuyanka nan kamar na zalɓe." Hirar ke nan gaba ɗayanta. Nakan yini ina jiran ta.

Ana nan, ran nan ina neman alli a sito na makaranta, sai na ci karo da wani tsohon ƙamus na Hausa da Turanci, irin na Turawan da. Gara ta riga ni karanta shi, kuma ta bi shi bi da bi kamar ɗalibar kirki: ta fara daga A, ta cinye B, ta ratsa har wajen Y, sannan ƙila ta ƙoshi. Z kaɗai ta bar mini, shi ma da 'yan ramuka. Na kai shi ɗaki. Mai hankali zai ce Hausa ba a ƙarshen littafi take ba, tana nan bakin taga bisa tabarma. Ni kuwa sai na ƙudurta cewa in na haddace manyan kalmomin da ko dattawan ba su cika faɗa ba, dole wata rana a gusa mini.

A nan na san zabira, jakar wanzami. Na san zugazugi na maƙera, da zaurance, da zunɗe, wanda na gane ashe shi mata ke yi mini da leɓe in na wuce rijiya. Na san zanzaro, ƙwaron nan mai ɗan siririn ƙugu, na kuma fahimci dalilin da yara ke kira na Malam Zanzaro, ni da nake cusa riga cikin wando in ɗaure tamau (da na ɗauka wani laƙabi ne na girmamawa). Nakan tsaya gaban ɗan madubina in ce, "Zankaɗeɗe. Zaƙaƙuri. Zugum." Madubin bai taɓa yi mini gyara ba.

Sai na iso kan kalmar zawarci. Bayanin ya ce: zaman mutum babu aure, babu abokin zama, bayan... sai rami. Gara ta cinye sauran. Ban damu ba, domin abin da ya rage ya zauna mini kamar rigar da aka ɗinka da awona. Na san kalmar kaɗaici, amma ita ai kowane yaro ya san ta, ba ta da kwarjini. Kada ku tambaye ni ko ban san bazawara ba. Na sani mana, wa bai sani ba? Sai dai ban taɓa haɗa su dangi ba, don ita da B ta fara.

To, matar Alhaji ta haihu, ranar suna aka gayyace ni, tunda ba yadda za a yi a cika ƙofar ɗakina da mutane a ce ba a gan ni ba. Na sa farar riga, na yi zanzarona, na sami gefen tabarma na ɗosana. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya shelanta, goro ya zagayo har kaina. Hedimastanmu na nan, limamin unguwa na nan, ga kuma wani tsoho, Baba Ɗanladi, wanda kunnensa ya yi nauyi, komai sai an maimaita masa.

Liman ne ya juyo wajena, cikin kirki irin nasa. "Ticha, kai kuwa ba ma ganinka. In an tashi makaranta me kake yi ne?"

Wannan ce tambaya ta farko da wani namiji ya yi mini a garin wadda ba "ina gajiya" ba. Na gyara zama, na saisaita murya kamar mai karanta labarai a rediyo, na ce, "Allah ya gafarta Malam, zawarci nake yi."

Dattawa suka dubi juna. Na ɗauka nauyin kalmar ne ya kama su.

"Zawarci?" in ji Liman.

"Ƙwarai kuwa. Tun da na zo garin nan nake cikinsa. Bai bar ni in ci abinci ba, bai bar ni barci ba."

Alhaji Garba ya dakatar da goron da zai kai baki. "A ina kake zawarcin, Ticha?"

"A gidanka mana, Alhaji. Ina kuma zan yi shi? Gwaggo ma ta sani. Ba don ita ba da ban san yadda zan yi ba."

Hedimasta ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa kamar yau ya saye su. Baba Ɗanladi ya kara hannu a kunne ya ce, "Me yaron ya ce?" Maroƙi kuwa, wanda sana'arsa ke nan, ya miƙe ya buɗe maƙogwaro yadda za a ji har kasuwa: "Ticha ya ce zawarcin Gwaggo Asabe yake yi, ko barci ba ya iyawa!"

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa. Kafin ta lafa sai ga muryar Gwaggo ta bayan katanga, a natse: "Ku gaya wa Ticha ba a zawarci ta katanga. Ya turo manyansa. Kuma ya ƙara ƙiba tukuna, ni ba na auren ƙashi."

Hedimasta ya jawo ni gefe ya yi mini bayani da Turanci, a hankali, kamar yadda ake gaya wa mutum rasuwa: mace ce ke zaman zawarci bayan rabuwa da miji, namiji kuwa in ya ce yana zawarci, to neman auren irin wannan matar yake. Bazawara kuma ɗaya ce tak a gidan Alhaji. Na koma na tsaya gaban jama'a zan wanke kaina, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Jama'a, babu zamba a zuciyata, zulumi ne kawai..." Baba Ɗanladi ya ce, "Ai haka so yake, yaro." Aka sake kwashewa. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, ina jin su ta taga suna rabon muƙamai: wane ne waliyyi, wane ne abokin ango.

Washegari bayan la'asar na fito da kekena zan sulale, sai na ji an ce, "Ango, ina zuwa? Matso, ga wuri." Aka gusa mini. Tun daga ranar nake da gurbi a tabarmar nan, har aka yi mini canjin wurin aiki. A bakinsu na koyi Hausar da nake rubuta muku wannan da ita, kuma ban taɓa zama ba tare da wani ya tambaye ni lafiyar amarya ba.

Gwaggo kuwa, raha ɗaya ta yi ta ja bakinta. Mace ce mai gudun abin faɗa, gari kuma ya sami abin taunawa. Tuwo bai daina zuwa ba, amma muryar bayan katanga ba ta sake kira na ba. Na sami mutum goma masu tsokana ta, na rasa ɗayar da ke tambaya ko na ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk zaman da na yi da su, ba wanda ya taɓa cewa, "Wai Ticha, ran nan me kake nufi?" Na tsaya gaban unguwa guda na faɗi abin da ke damuna da kalma mafi tsada da na mallaka, ba wanda ya ji. Don haka in kana da ciwo, ɗan'uwa, faɗe shi da kalmar da yaro ɗan aji ɗaya ya sani. Manyan kalmomi ka bar su sai ranar da lafiyarka ƙalau.