Rasuwar Ɗan Ja, Mai Gadin Fom ɗin Asibitin Haƙori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai kula da kwamfutocin asibitin haƙorin da ke saman shagon tayoyi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ɗan Ja, 'yar manhajar da ke tantance duk abin da jama'a suka rubuta a fom ɗin neman ganin Likita ta intanet. Shi ya rubuta marigayin da hannunsa, layi bayan layi, ba tare da ya taɓa zama ajin kowa ba. Ya raɗa masa wannan suna saboda jan rubutun da yake watsa wa mutum a fuska in ya yi shirme.

Marigayin bai san babba ba, bai san yaro ba. Lambar waya in ta gaza, ya mayar da ita. Wanda ya ce an haife shi ranar talatin ga Fabrairu, ya mayar da shi. Malalatan da ke danna harafi guda su cika gurbin adireshi da shi, duk ya san su. Likita da kansa ya sha kora a hannunsa ranar da ya gwada fom ɗin a gaban baƙi. Kalamansa ba su da yawa, kuma duk wanda ya yi hulɗa da shi ya haddace su: "Ƙit! Ba daidai ba ne. Sake." In an tsallake wani wuri kuwa: "Ƙit! Ba a barin wannan gurbi fanko." Bai taɓa ce wa kowa sannu ba, domin ba a ɗauke shi aikin gaisuwa ba. Mutanen yanzu har na'ura suke yi wa ƙarya, sannan su yi fushi don ta ƙi yarda.

Saboda wannan gaskiya tasa ne mai kula da shi ya matsa wa Likita har aka kafa doka cewa ba a ganin kowa, ko ɗan uban wane ne, sai Ɗan Ja ya amince da shi.

Ciwon ajali ya shigo ta hanyar surukar mai kula da shi. Tsohuwar ta zo daga garinsu tana son a sa mata haƙoran roba. A fom ɗin akwai gurbin da ke tambayar haƙora nawa suka rage a bakin mutum. 'Yarta ta rubuta mata sifili, wanda shi ne gaskiya. Marigayin kuwa tun haihuwarsa bai bambance sifili da rashin amsa ba. Ya ce, "Ƙit! Ba a barin wannan gurbi fanko." Aka sake, ya sake.

Sakatariyar asibiti ta ba da shawarar a rubuta ɗaya a wuce wurin. Tsohuwa ta ƙi. Ta ce ba ta yi ƙarya tana da haƙora ba, ba za ta fara ba yanzu da babu su. Mai kula da marigayin ya yi shekaru yana wa'azin wannan magana a kan tabarmar gidansa, don haka ya bar ta a kan bakanta. Ya roƙi Likita a shigar da ita ta bayan fage, Likita ya tuna masa wanda ya kawo dokar.

Tsohuwa ta shimfiɗa katifarta a falon surukinta, ta ce ba inda za ta sai da haƙora. Uwargida ta yanke hukunci cewa tunda uwarta ba ta iya tauna, babu mai taunawa a gidan. Aka koma abinci mai ruwa-ruwa safe da yamma. Yara suka fara kallon ubansu kamar shi ya zare wa kakarsu haƙoran. Uwargida ta daina kiransa da kowane suna, sai dai ta ajiye kwano ta yi gyaran murya.

Da tura ta kai bango, mai kula da marigayin ya yi masa tiyata. Layi guda ya taɓa. To amma jikin Ɗan Ja faci ne a kan faci, kowane layi na jingine da ɗan'uwansa. Da ya farfaɗo, bai sake zama shi ba. Wanda bai taɓa sassauta wa kowa ba ya koma cewa, "An karɓa. An karɓa." Ya karɓi mai shekara ɗari tara. Ya karɓi masu tallan maganin ƙiba, ya ba su layin safe. Ya karɓi fom da ba a rubuta komai a ciki ba. Sifilin tsohuwa kaɗai ya ci gaba da ƙi, har numfashinsa na ƙarshe. Ranar da Likita ya zauna da safar hannu yana jiran marasa lafiyan da ba a taɓa haifa ba, ya ba da umarni a cire shi.

Marigayin ya bar Maɓallin Aikawa, abokin aikinsa, wanda yanzu kowa ke dannawa ba kunya. Ya bar rumbun ajiyar sunaye, da ya rayu da tsabta a ƙarƙashinsa, yau ga shi cike da shara. Ya bar Sakatariya, wadda aka ji tana waƙa a ranar, kuma an lura. Magajinsa wani ne da Likita ya sayo, mai launin kore, mai ba mutane haƙuri kafin ya gyara musu kuskure. Ya karɓi sifilin tsohuwa a gwajin farko, abin da ke nuna irin tarbiyyarsa.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da hantsi a ɗan ɗakin da ke bayan wurin wanke kayan aiki, inda za a sauke marigayin daga shafin intanet, a adana shi a faifan kwamfuta, a sa a aljihun tebur na ƙasa. Ba a buƙatar jawabi daga duk wanda ya taɓa zaginsa. Za a karɓi gaisuwa a barandar asibiti har a tashi aiki, da kuma bayan an tashi. Kada kowa ya je gida. A ranar ne za a sa wa tsohuwa haƙoranta, kuma ta aiko cewa akwai maganar da ta daɗe tana ajiye wa surukinta, ba ta so ta faɗe ta kalmomi suna zubewa.