Ranar da Telata Ta Sumar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na suma a gaban matan layinmu na kasuwa ba, kuma abin haushin, da ƙafata na kai kaina.

Bayan sojoji sun karɓi mulki an rufe gadar kan iyaka, duk mai zuwa Malanville, ƙetaren kogi, sarin kaya sai ta bi kwale-kwale. Bakin ruwa kuwa ba a magana: turereniya, samari na fizgar kaya, wani ma ba kayan hannunki yake nema ba. A lokacin ne Madam Ramatu, wata tsohuwar jandarma, ta fara koya wa mata jujitsu, kokowar ƴan Birazil, a wani aji na lakwal, makarantar boko ta unguwarmu.

Ni na tattara mata huɗu na kai su, na ce rakiya kawai na zo don ba ni da abin koyo. Ubana ɗan kokowa ne a Tanda, a gefen fili na girma, buhun shinkafa ni kaɗai nake ɗagawa. Shekara da shekaru in rigima ta tashi a layinmu ni ake kira. Da wannan sunan nake taƙama, fiye da duk zannuwan da ke akwatina.

Madam ta kafa doka biyu. Ta ce a wannan kokowar faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, a ƙasa ma ake farawa. Sannan duk wadda aka matse ta buga hannu sau biyu, a sake ta nan take. Na ji, amma ta bayan kunne ta bi. (A gidanmu wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi, a buga ganga, kowa ya kama gabansa. Wa zai zo ya sauya mini wannan da rana tsaka?)

Da aka zo gwaji sai Madam ta haɗa ni da Hawa, telar da ke ɗinka mini kaya. Yarinya siririya, in iska ta yi ƙarfi sai an riƙe ta. Ashe wata uku tana zuwa ajin, ni ban sani ba.

"Madam, ki ba ni wata," na ce. "Kada in karya ɗiyar mutane, ga ɗinkina bai ƙare ba."

"Ki dai bi ta a hankali, Yaya," in ji Madam, ko murmushi babu.

Ƙiftawa da bismillah na ɗaga Hawa na maka ta da ƙasa. Ina durƙushe a kanta na ɗaga hannu biyu sama, na juya wajen matan layinmu, na fara kirarin ubana. Ban kai rabi ba na ji ƙafafu sun naɗe mini ƙugu, hannuwa sun shige wuyan rigar kokowar da aka ara mini, an jawo ni ƙasa.

"Yaya, ki buga," Hawa ta ce a kunnena, da ladabinta.

Ni? In buga wa yarinyar da ke durƙusawa ta auna mini ƙugu? Na yunƙura, wuyan rigar ya ƙara tsukewa.

"Yaya, don Allah ki buga."

Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na farka na ga mata biyu riƙe da ƙafafuna sama, kallabina can gefe, kitsona na wata guda a fili, Madam na yi mini fifita da kwali. Maimakon in yi salati, maganar da ta fara fita bakina ita ce, "Ai na kayar da ita."

"Kin kayar da ita," in ji Madam. "Ita kuma ta kwantar da ke."

Na ji haushin Madam, na ji haushin Hawa da ke ta kuka tana ba ni haƙuri, na ji haushin ƴan Birazil da ban taɓa gani ba. Na ce wa kaina ai magana za ta mutu a ajin nan. Ina! Ranar Talata wani ɗan dako ya tsaya yana zagin wata tsohuwa a layinmu. Na miƙe ina gyara ɗamara kamar kullum, sai na ji Hajiya Balki, maƙwabciyar rumfata, ta ɗaga murya: "Ku kira Hawa tela." A gabana. Wannan ya fi suman ciwo.

Asabar ta gaba na koma, ba rakiya ba, na zauna layin sababbi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kam a wuyana na ji shi. Yanzu in an kayar da ni na san yadda zan tashi, in na kayar kuma nakan ajiye kirari sai na iso gida. Buga hannu kuwa babu wadda ta kai ni sauri, har Madam kan ce, "Yaya, ki bari ta kama ki tukuna."