Ranar da Talabijin Ta Tona Mini Asiri Gaban Surukina

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je haɗa wa surukina kwamfuta da talabijin ba. A garin Garwa ne, cikin watan zafin nan da ko akuya ba ta yarda ta bar inuwa.

Bari na fara gaya muku matsayina a gidan. Ni Bahaushe ne, matata Dija Bafulatana, kun kuwa san Fulani da kunya: surukin kirki ba ya cin abinci gaban uban matarsa. To ni na karɓi al'adar nan har na fi masu ita. Ko ruwa aka miƙo mini gaban Alhaji Buba, sai na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi (cikina kuwa yana can yana ƙugi). Har Alhaji kan ce wa 'ya'yansa, "Ku dubi mijin Dija, Bahaushe ne amma ya fi ku semteende." Wato kunya ke nan da Fulatanci. Ina ji da wannan suna ƙwarai.

An gama bikin ƙanwar Dija, mai ɗaukar hoto ya zuba mini bidiyon a kwamfutata. Baƙin Maruwa da Ngawundere ba su koma ba tukuna, aka ce a kalla tare a babbar talabijin ɗin falo. Na ce ai wannan kamar yanzu ne. Ko buɗe bidiyon ban yi ba kafin na je, don gwani ba ya gwaji.

Falo ya cika, Alhaji na kan kujerarsa, mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ba tebur kusa, sai na jawo wani tim-tim na fata mai laushi na ɗora kwamfutar, ta nutse a ciki. Na jona waya, hoto ya fito tar. Na waiga na yi murmushin manya.

Ba a jima ba abu ya fara sarƙewa. Amarya ta ɗaga ƙafa, ta tsaya, ta yi tsalle ta bayyana a wani wuri. Kiɗa na gaba, hoto na binsa a baya yana ɗingishi.

"Lafiya kuwa, ɗana?" in ji Alhaji.

"Kuran ne ya yi rauni, Baba," na faɗa, na ɗora wa wutar lantarki laifi ba tare da ko ɗar ba.

Na cire wayar, na hura mata iska, na mayar. Na rufe duk abin da ke buɗe a kwamfutar. Na yi wa jama'a lacca kan masu ɗaukar hoton zamani da ba su san aiki ba. Ina jin fankar kwamfutar na kuka kamar babur a kan tudu, amma na ce haka take in ta ji aiki. Daga ƙarshe na sanar cewa wannan wurin ne ya lalace, bari na ja bidiyon gaba. Da hannuna na ja shi.

Hoto ya tsaya cak a kan wani mutum a bayan rumfa, ya tsuguna gindin mangwaro. Hularsa ta karkace, kumatu sun kumbura, rabin giwan ruwa a hannu, jelar kifin na leƙowa daga baki, mai na bin gemu. Ni ne. Ashe mai hoton nan da na gama zagi ya san aikinsa sarai.

Na danna kowane maɓalli, kwamfuta ta ƙi motsi. Da hankalina na jikina, waya kawai zan fizge. Maimakon haka sai na miƙe na tsaya gaban talabijin, na baza babbar rigata. Ni siriri ne, talabijin kuwa faffaɗa, sai kumatuna suka fito ta kowane gefe. Mata suka fashe da dariya, ina jin muryar Dija ta fi ta kowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe kana cin abinci. Na daɗe ina tausaya wa 'yata, na zaci girkinta ne ba ka so."

Na sunkuya na ɗauki kwamfutar don na sami abin yi, na ji ta zafi zau. Tim-tim ɗin ne ya toshe mata kafofin shan iska. Na ajiye ta a kan siminti, da ta huce bidiyo ya tafi sumul.

"Dija," in ji Alhaji, "kawo wa mijinki kifi. A nan zai ci."

Na ci kuwa, har da ƙari, don wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa. Shawarata gare ku: in za ku nuna wa surukai bidiyon biki, ku fara kallonsa ku kaɗai, ƙofa a kulle.